Daga Bakin Wutar Maƙera Zuwa Ƙasar Su Kovács

A ƙarshen watan Yunin 2025 ɗan yayana ya kammala digirinsa na biyu a Jami'ar Miskolc da ke ƙasar Hungari, a fannin narkar da ƙarafa da sarrafa su. Ya samu gurbin ne ta tallafin karatun da gwamnatin ƙasar take bai wa ɗaliban waje, wanda ake kira Stipendium Hungaricum. Ciwon ƙafa ya hana mahaifinsa doguwar tafiya, sai aka ce ni in je in wakilci gida. Gidanmu gidan ƙira ne tun kaka da kakanni. Ni boko ya ɗauke ni na zama malamin makaranta, Yaya kuwa har gobe yana zaune gaban uwar maƙera.

Biza ta ci takardu: wasiƙar gayyata, bayanin asusun banki, inshorar lafiya, tikitin zuwa da dawowa. Hanyar Kano zuwa Abuja da shingayenta kowa ya san su, ba sai na faɗa ba. Mun tashi da dare zuwa Istanbul, na yi zaman jira har barci ya fara fizgata, daga nan tafiyar sa'a biyu ta kai mu Budapest. Jami'in shige da fice ya tambaye ni wurin wa na zo, yaushe zan koma, ya dubi takardar jami'a, ya buga hatimi. Yaron yana tsaye a waje yana jirana. Muka hau bas mai lamba 100E da ke kai mutane tsakiyar gari, kuɗinta forint dubu biyu da 'yan kai. A lokacin yuro ɗaya yana kusan forint 400, don haka duk abin da aka ce mini dubu kaza ne sai gabana ya faɗi kafin in yi lissafi.

Masaukin da ya kama mana wani ɗaki ne a tsohon bene kusa da tashar jirgin ƙasa ta Keleti, irin gidajen nan masu tsakar gida a ciki da baranda zagaye da kowane hawa, forint dubu goma sha takwas a dare. A bakin ƙofar shiga akwai allon ƙararrawa, kowane maɓalli da sunan mai ɗakin. Ina tsaye yana neman lambar da aka turo masa, sai na ga suna ɗaya ya fito sau uku a jerin: Kovács. Na ce ko gidan gado ne? Ya yi dariya ya ce, "Baffa, ai waɗannan danginmu ne. Maƙeri ke nan da harshensu." Ana furta shi kamar Kobac, domin cs ɗinsu ita ce c ɗinmu ta ciki da ciniki.

Daga wannan dare idona ya buɗe, ko'ina na waiga sai na ga sunan: a allon likitan haƙori, a jikin motar mai gyaran famfo, a ƙirjin matar da ta sayar mana da tikiti. Ƙasar ba ta kai mutum miliyan goma ba, amma masu wannan suna sun haura dubu ɗari biyu. Shi da Nagy, wato babba, su ne a saman jerin sunayen gida, sai Tóth da Szabó da Horváth suna biye. Idan Bahungare zai ba da misali da mutumin da ba kowa ba, yadda mu muke cewa wane ɗan wane, Kovács János yake cewa, kuma su sunan gida suke fara faɗa kafin na yanka. Abin da ya fi burge ni shi ne yawan sana'o'in da ke yawo a katin shaidar mutane. Szabó tela ne, Takács masaƙi, Varga baduku, Mészáros mahauci, Fazekas maginin tukwane, Juhász makiyayin tumaki, Molnár mai niƙa. Har biron da muke rubutu da shi sunan László Bíró ne, ɗan Budapest da ya ƙirƙiro shi, kuma Bíró alƙali ke nan. Farfesa ne ko minista, idan kakansa na can baya mahauci ne to Mahauci yake sa hannu, ba ya jin komai.

Washegari muka zaga gari. Ginin majalisarsu da ke bakin Kogin Danube ya cancanci duk hotunan da ake ɗaukarsa, amma inda na daɗe a tsaye shi ne gaban mutum-mutumin Kovács Béla da ke kusa da shi. Ɗan manoma ne, ya zama babban sakataren jam'iyyar ƙananan manoma wadda ta lashe zaɓen 1945. Ranar 25 ga Fabrairun 1947 jami'an Tarayyar Sobiyet suka kama shi suka tafi da shi, ya shekara takwas a hannunsu. A boren 1956 ya zama ministan gona a gwamnatin Nagy Imre ta 'yan kwanaki, ya rasu a 1959. Yanzu ranar da aka kama shi ita ce ranar tunawa da waɗanda mulkin kwaminisanci ya zalunta a ƙasar. Muka haye Buda, ɓangaren birnin da ke ɗaya gefen kogin, muka ziyarci kabarin Gül Baba, wani darwishin Baturke da ya rasu a 1541, shekarar da Turkawa suka ci birnin, suka riƙe shi har 1686.

Abinci sai da taka-tsantsan. Kalma ta farko da yaron ya sa na haddace ita ce sertés, naman alade, domin har a miyar da ba a ga nama ba sukan sa kitsensa. Shagunan Turkawa masu kebab su suka rufa mini asiri, da kuma lángos, wani fanke mai faɗin faranti da ake shafa masa kirim mai tsami a barbaɗa cuku, wajen forint dubu biyu. Ruwan famfo kuwa kowa sha yake yi kai tsaye. Abin da ya wahalar da ni shi ne lokutan salla. Rana ba ta faɗuwa sai kusan tara saura kwata, isha'i ta yi nisa cikin dare, kafin mutum ya yi juyi biyu asuba ta yi. Duk zamana a ƙasar ban ƙoshi da barci ba.

Jirgin ƙasa daga Keleti zuwa Miskolc sa'a biyu ne, gonakin alkama da masara da furen rana har iyakar gani, ban ga mutum ɗaya sunkuye da fartanya ba. Bikin yaye ɗalibai ya yi kyau, na yi hawaye da aka kira sunan yaronmu, aka yi hotuna, aka watse. Jami'ar da kanta tushenta makarantar haƙar ma'adinai ce da aka kafa a Selmecbánya a 1735, garin da yanzu yake cikin Slovakiya, sai a 1949 aka kafa ta a Miskolc.

Ɗakin da yaron yake haya a unguwar Diósgyőr yake, a gidan wani dattijo da ya haura saba'in, kuma sunansa Kovács. Yaron yana kiransa Kovács bácsi, wato dai Baba Kovács. Da ya ji baffan ɗan hayarsa ya zo daga Afirka sai ya ce lallai mu ci abincin rana a wurinsa. Ya fara ɗauko kwalbar pálinka, barasarsu ta 'ya'yan itace, yaron ya tuna masa, ya dafe goshi ya mayar. Sai ya kawo mana wata miya ja-ja mai sanyi daga firji, ta 'ya'yan ceri masu tsami da kirim da sukari, wai meggyleves. Na ɗauka kayan zaƙi ne na bayan abinci, ashe da ita ake buɗe ciki. Cokalin farko ya ba ni mamaki, na ƙarshe kuwa na nemi ƙari. Bayanta soyayyen kifi da dankali.

Yaron yana fassara, na gaya masa cewa mu maƙera ne na gaske, na nuna masa hoton Yaya a waya yana zaune a ƙasa, ƙafa ɗaya a miƙe, awartaki a hagu, masaba a dama, jikansa yana zuga. Dattijon ya sa tabarau ya daɗe yana kallo. Ya ce shi mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kakansa manomi, kuma duk danginsu ba wanda ya san wane ne maƙerin da ya bar musu sunan, ko a wane ƙauye ya zauna. Ɗaruruwan shekaru ke nan da sunayen gida suka zauna a ƙasar, kuma tunda ba ƙauyen da zai rayu ba maƙeri, kowane ƙauye ya haifar da nasa Kovács ɗin, ba tare da sun haɗa jini ba. Wasu ma daga baya suka shigo: a ƙarshen ƙarni na 19 Jamusawa da Yahudawa da yawa da ke ƙasar sun sauya sunayensu zuwa na Hungari, Schmidt da Kohn da dama suka wayi gari Kovács. Asalin kalmar ma daga harsunan Silabawa maƙwabtansu aka aro ta, shi ya sa ake samun Kováč a Slovakiya, Kowalski a Folan, Kovalenko a Yukren, da Kovačić ɗan ƙwallon Kuroshiya da yaranmu suka sani a Chelsea da Manchester City.

Da aka zo kan ƙwallo sai dattijon ya gyara zama. Ya tambaye ni ko na kalli wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai da aka yi a Munich wata guda kafin nan, wanda PSG ta ci Inter biyar da nema. Na ce na kalla. Ya ce to alƙalin wasan István Kovács ne, an rubuta ɗan Romaniya, amma Bahungare ne daga garin Carei da ke bakin iyaka. Daga nan ya gangara kan yarjejeniyar Trianon ta 1920, wadda ta yanke wa Hungari kusan kashi biyu cikin uku na ƙasarta, ta bar miliyoyin masu harshen a Romaniya da Slovakiya da Sabiya. Shekara ɗari da biyar, amma yana maganar muryarsa tana rawa. Mu da Turawa suka ja layi tsakanin Katsina da Maraɗi ba ma buƙatar dogon bayani kan wannan. Ya lissafa mini 'yan sunansu da suka ɗaga tutar ƙasa: Kovács Pál mai wasan takobi da ya ci zinare shida a gasar Olamfik, Kovács István da ake wa laƙabi da Kokó wanda ya ci zinaren dambe a Atlanta a 1996, Kovács Ágnes da ta ci na ninƙaya a Sydney a 2000, da Kovács Katalin ta tseren kwale-kwale. Yana faɗa yana nuna ƙirjinsa, ko da yake ba ɗaya da ya taɓa gani ido da ido.

A jikin akwatin wasiƙunsa har yanzu akwai sunan matarsa da ta rasu, sai dai ba sunanta ba ne. A tsohuwar al'adarsu mace tana ɗaukar sunan miji gaba ɗaya a liƙa masa né a ƙarshe, matar Kovács János ta zama Kovács Jánosné, nata na yanka ya ɓace daga takarda. Wannan kam bai kwanta mini ba. Gara namu, da mace take tafiya da sunanta da na ubanta har kabari.

Da yamma ya ce mu zo ya nuna mana inda ya yi aiki, domin shi dai Allah ya mayar da shi ga ƙarfe: shekara talatin ya yi a masana'antar ƙarafa ta Diósgyőr, wadda a zamanin kwaminisanci aka sa wa sunan Lenin. Dubban mutane take ɗauka, garin gaba ɗaya a kanta ya dogara. Bayan 1990 ta shiga hannu daban-daban tana ramewa har ta mutu. Muka tsaya a bayan shinge muna kallon manyan rumfuna da tagoginsu suka farfashe, bishiyoyi sun tsiro a kan layin dogo. Ya nuna wata ƙofa ya ce ta nan yake shiga ƙarfe shida na safe. Ban ce komai ba, domin Kakuri ta Kaduna da Sharaɗa ta Kano ne suka tsaya mini a rai, ga kuma Ajaokuta da yaronmu ya yi wannan karatu yana mafarkinta.

Kashegari muka hau wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa mai buɗaɗɗun taragu da ke ratsa dajin duwatsun Bükk, ya wuce Lillafüred da tafkinta, muka sauka a Újmassa. A nan tsohon murhun narkar da tama yake, ginin dutse hawa-hawa mai tsayin bene, wanda Fazola Frigyes ya gina wajen 1813. Ta sama ake zuba tama da gawayi, ruwan rafi ne yake juya abin zuga. Na tsinci wani ɗan dunƙulen kashin maƙera a gefen hanya, baƙi mai ƙyalli, irin wanda muke wasa da shi muna yara. Kakanninmu ma sun narkar da tama, labarin kafuwar Kano kansa yana komawa ga maƙeran da suka zo Dala neman ta, amma ina murhu ɗaya da muka kewaye muka ce yara su zo su gani?

Wannan murhu shi ya sa na ce sai mun je Eger, inda aikin mahaifin Fazola Frigyes, wato Fazola Henrik, yake. Muka yi canjin jirgi a Füzesabony. Fazola Henrik Bajamushe ne daga Würzburg, ya zo Eger a 1758, kuma shi ya ƙera ƙyamaren ƙarfen da ke ginin hukumar lardin. Shiga kyauta ne, ƙofofin suna cikin zaure. Na san ƙarfe, na san abin da yake yarda da shi da abin da yake ƙi, shi ya sa na rasa bakin magana. Mutumin nan ya ƙera zangarniyar inabi, kowane ɗa daban, ya ƙera ganye mai jijiyoyi da lanƙwasa a baki kamar yanzu ya fara yaushi, ya murɗa reshe ya ratsa ta cikin wani, kuma duk da wuta da guduma, ba injin walda. Na leƙa bayan ganyen ina neman inda ya haɗa, da ƙyar na gano. Dukiyar da ya tara da wannan hannu ya zuba ta a neman tama cikin Bükk, daga nan masana'antar Diósgyőr ta samo asali a 1770, shi kuma ya rasu a 1779 ba tare da ya ci moriyarta ba. A garin akwai hasumiyar masallacin Turkawa mai tsawon mita 40, masallacin ya daɗe da rushewa, ita kaɗai ta rage. Yaron ya hau matakalarta 97, ni na jira shi a ƙasa.

Maƙeri mai rai sai a ƙarshen tafiya na gan shi. Daga Budapest muka ɗauki jirgin unguwanni zuwa Szentendre, minti arba'in. Muka leƙa gidan kayan tarihin Kovács Margit, wadda ta rayu daga 1902 zuwa 1977 tana gina siffofin matan ƙauye da yumɓu, sannan muka wuce Skanzen, wani fili da aka kafa a 1967 inda aka kwaso tsofaffin gidajen ƙauyuka daga sassan ƙasar aka sake gina su. A cikinsu akwai maƙera, kuma ranar an hura wuta.

A tsaye suke ƙira. Uwar maƙerarsu mai ƙaho ce, an ɗora ta a kan kututture daidai ƙugu. Zugazuginsu ɗaya ne ƙato na katako da fata, an rataye shi, ana jan sanda da hannu ɗaya, iska tana fita ba yankewa, ba irin namu na fatar akuya guda biyu da yaro yake dannawa bi da bi ba. Bango cike da takalman dawaki na ƙarfe da zobban ƙafar keken doki, domin abincin maƙerinsu na da ke nan, yadda namu yake garma da lauje da gatari. Mutumin, mai kimanin shekara hamsin, yana ƙera ƙugiyar rataye kaya, yara 'yan makaranta sun kewaye shi. Na lura yana barin ƙarfen ya wuce ja ya kai ruwan ɗorawa kafin ya ciro, kuma tsakanin bugu da bugu yana sauke gudumar a kan uwar maƙera ta yi ƙara, daidai yadda Yaya yake yi. Da yaran suka tafi yaronmu ya gaya masa ko ni wane ne. Ya dube ni, ya dubi hannuna, ya miƙo mini gudumar. Rabona da ita tun ina sakandare, amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: na fitar da tsinin, na lanƙwasa shi a kan ƙahon, ya tsoma a ruwa ya ce in tafi da ita. Na tambaye shi ko shi ma Kovács ne. Ya girgiza kai. Ba gado ya yi ba, a makaranta ya koya, kuma abin da yake ci da shi ƙofofi ne da shingen gidajen masu kuɗi.

A jirgin dawowa abin ya yi ta cina. Su sunan ya cika ƙasa, maƙerar kuwa sai an sayi tikiti ake ganinta. Mu wutar tana ci a kowace kasuwar ƙauye, manomi ba ya shiga damina sai ya biya ta wurinmu, Sarkin Maƙera yana nan da rawaninsa, amma sunan ba ya bin 'ya'ya. Ana cewa wane Maƙeri, wane Tela, ranar da ya rasu an binne har da laƙabin. Unguwanni ne kaɗai suka riƙe, su Lokon Maƙera da Dukawa da Soron Ɗinki. Ɗan maƙerin da ya yi boko sai ya ɗauki sunan gari ko na unguwa, kuma na san gidajen da aka hana aure don an ce yaro ɗan mahauta ne ko ɗan wanzamai. Wannan yana yi mini ciwo, domin ba gidan da ya ci tuwo a ƙasar Hausa ba tare da ƙarfen da wani ya ƙera ya taɓa gonar ba.

Ƙugiyar na sa ta a babbar jaka don kada a karɓe a filin jirgi. Da na isa Kano na kai wa Yaya. Ya juya ta, ya goga mata zarto, ya ce ƙarfen mai kyau ne, lanƙwasar kuma ta nuna hannun ya kwana biyu bai yi aiki ba. Na kawo masa maganar mu riƙa sa Maƙera a sunayen yaran gida. Ya ce shi duk wanda ya zo nemansa ya san inda zai same shi, wannan damuwar 'yan boko ce, amma bai hana ba. A watan Satumba na kai autana ajin farko na firamare, bayan sunansa da nawa na ce a ƙara Maƙera. Malamin da ke rajista ya ɗago ya tambaye ni ko sunan unguwa ne. Na ce masa sana'ar gidanmu ce, ya rubuta.